Me ya raba Register da RegisterAttached a WPF?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da manhajar wani shagon magani a nan Jos, wajen Taminus, kuma da WPF aka rubuta ta. Akwai akwatunan rubutu sun kai 40 waɗanda lamba kawai ya kamata su karɓa, kamar yawan kwali da farashi. Na buɗe wani kilas mai suna Taimako, na yi rajistar siffa da DependencyProperty.Register don in riƙa rubuta Taimako.LambaKawai="True" a kan kowane TextBox. Lokacin da kilas ɗin yake static, manhajar na tashi sai ta faɗi da TypeInitializationException. Na cire static na sa ya gaji DependencyObject, faɗuwa ta daina, amma aikin da na ce a kira idan ƙima ta canja ko motsi ba ya yi. Wani abokin aikina ya ce in koma RegisterAttached. Me ya raba su? Ni dai a idona duk abu ɗaya ne."

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin aikinka ya faɗa maka daidai, kai ma kuma idonka bai yaudare ka sosai ba, domin a can ƙasa kusan abu ɗaya ne. Abin da kake son sani shi ne: tunda duka biyun DependencyProperty suke dawo maka da shi, kuma duka da GetValue da SetValue ake karanta su ake rubuta su, me ya sa ɗaya ya yi maka shiru a kan TextBox? Amsar tana cikin wani ɗan wuri ƙarami, wato waɗanne abubuwa ne dokokin siffar suka hau kansu. Sai dai kafin mu isa can, gara mu fara da inda suka haɗu.

Inda suka haɗu

WPF, tsarin Microsoft na gina fuskar manhajojin Windows, ta fito ne a ƙarshen shekarar 2006 tare da .NET Framework 3.0, kuma da ita tsarin siffofin dogaro, wato DependencyProperty, ya zo. Siffar C# da ka saba da ita tana ajiye ƙimarta a wani fili cikin abin da kansa. Siffar dogaro ba haka take ba. Kowane DependencyObject yana da ɗan ƙaramin jeri a cikinsa, wanda ba ya ɗaukar komai sai ƙimomin da aka saka masa da gaske. Abin da ba a saka ba, sai a je a duba ƙimar asali da aka bayar lokacin rajista. Shi ya sa maɓalli ɗaya zai kasance da siffofi rututu amma bai cinye memori ba. Shi kuwa filin nan static readonly da kake rubutawa, irin su LambaKawaiProperty, makulli ne kawai na shiga wannan jeri, ba a cikinsa ƙimar take zaune ba.

Jerin nan ba ya tambayar waye mai makullin. Gwada wannan ka gani: ɗauki Button ka rubuta masa SetValue da TextBox.TextProperty da wani rubutu. Ba zai faɗi ba. Ka karanta da GetValue, rubutunka zai dawo. Maɓallin dai ba zai nuna komai ba, don babu wanda ke duba wannan ƙima a jikinsa.

Haka kuma tsarin fifiko iri ɗaya ne a wajensu duka. Motsi na Storyboard yana gaba da ƙimar da ka saka kai tsaye, wadda ka saka kai tsaye tana gaba da ta Style da Trigger ɗinsa, su kuma suna gaba da abin da aka gada daga uwa, wato abin da ke ɗauke da shi a cikinsa, ƙimar asali ce ta ƙarshe. Binding, wato ɗaure siffa da wata ƙima ta riƙa binta, yana aiki a kan dukansu. Dukansu kuma za su jefo maka InvalidOperationException idan ka taɓa su daga wani zaren aiki da ba shi ya ƙirƙiri abin ba.

Inda suka rabu

Lokacin rajista kana miƙa PropertyMetadata ko FrameworkPropertyMetadata. A ciki akwai ƙimar asali, da aikin da za a kira idan ƙima ta canja, da wanda ke tilasta ƙima ta zauna cikin iyaka, da tutoci irin su Inherits da AffectsMeasure da BindsTwoWayByDefault. Tun watan Disamba na 2018 Microsoft ta buɗe kod ɗin WPF a GitHub, don haka kana iya buɗe fayil ɗin DependencyProperty.cs ka ga abin da ake yi da wannan metadata da idonka.

RegisterAttached yana ɗaukar metadata ɗin da ka bayar gaba ɗaya ya mai da shi na kowa. Kowane irin DependencyObject aka maƙala wa siffar, dokokin sun hau kansa. Shi kuwa Register yana raba abin biyu. Ƙimar asali kaɗai yake cirewa ya ba kowa, sauran kuma sai ya kira OverrideMetadata ya ɗaure su a kan kilas ɗin da ka ce shi ne mai siffar, da duk wanda ya gaje shi.

Matsalolinka biyu duk daga nan suka taso. OverrideMetadata ba ya karɓar kilas da bai gaji DependencyObject ba, kilas mai static kuma ba ya gadon kowa. Sai aka jefo ArgumentException, kuma da yake a cikin cika filin static abin ya faru, sai ya zo maka a lulluɓe cikin TypeInitializationException. Duk lokacin da ka ga wannan, buɗe InnerException, ainihin ƙorafin yana ciki. Da ka sa Taimako ya gaji DependencyObject, ka toshe bakin ƙorafin ne kawai. Rajista ta wuce, XAML, yaren da ake tsara fuskar taga da shi, ta saka True a jikin TextBox, ƙimar kuma tana nan a ajiye. Amma da injin ya tambayi metadata na siffar game da TextBox, sai ya tarar da ƙimar asali tsurarta, babu aikin kira, domin aikin kiran an ɗaure shi ne ga Taimako da 'ya'yansa, TextBox kuwa ba ya cikinsu. Wannan shirun ya fi faɗuwar farko haɗari, don babu saƙon kuskure ko ɗaya da zai nuna maka hanya.

Abu ɗaya da bai bi wannan rabo ba shi ne ValidateValueCallback. Shi a jikin siffar kanta yake, ba a cikin metadata ba, saboda haka yana aiki a kan kowane abu, ko da wace hanya aka yi rajistar.

Bambanci na biyu a fuskar kod yake. Siffar gida, wadda aka yi da Register, ana lulluɓe ta da siffar C# mai get da set, shi ya sa kake rubuta akwati.Text. Maƙalalliyar siffa, wadda aka yi da RegisterAttached, ba ta da wannan damar tunda ba ka da ikon ƙara komai a cikin TextBox, sai dai ayyuka biyu na static, GetSuna da SetSuna, masu karɓar abin da za a maƙala wa. Sunayen nan ba ado ba ne, da su XAML take gane siffar. A Visual Studio ka rubuta propdp ka danna Tab sau biyu, zai zubo maka ta gida, propa kuma maƙalalliya.

Wane ne mai ma'anar?

Ban da aikin inji, akwai tambayar tsari, kuma ni ita nake fara yi wa kaina kafin in zaɓa: wannan bayani na abin ne, ko na wani ne da yake buƙatar a rubuta shi a jikin abin? Ka tuna lambar layi da ɗan kamasho yake rubutawa da alli a jikin mota a tasha. Fenti da inji na motar ne. Lambar kuwa a jikin motar take, amma tasha ce ta san ma'anarta, kuma idan motar ta fita zuwa wani gari lambar na nan amma ba wanda ya damu da ita. Width da Background da Text na abin ne. Grid.Row da Canvas.Left da DockPanel.Dock da Panel.ZIndex na uwa ne. Da ba don wannan tsari ba, da sai kowane maɓalli ya zo da siffar Row da Column da Left da Dock, kuma duk wanda ya ƙirƙiro sabon Panel sai ya roƙi a gyara masa UIElement.

Akwai wani kuskure da wannan yake haifarwa kullum. Grid 'ya'yanta na kai tsaye kaɗai take dubawa. Ka sa Grid.Row="2" a kan maɓallin da ke cikin StackPanel, ita kuma StackPanel ɗin tana cikin Grid, ba abin da zai faru kuma ba wanda zai yi ƙorafi. Inda abin ya fi cin mutane shi ne ItemsControl da aka mai da shimfiɗarsa Canvas. Mutum zai sa Canvas.Left a cikin DataTemplate, sai ya ga komai ya taru a kusurwar hagu ta sama. Dalili shi ne ItemsControl yana naɗe kowane abu cikin ContentPresenter, ListBox kuma cikin ListBoxItem, kuma wannan naɗin shi ne ɗan Canvas na gaskiya. A ItemContainerStyle ake saka Canvas.Left, da Setter mai Binding.

Ba duk maƙalallun siffofi ne na uwa da ɗa ba. ToolTipService.InitialShowDelay, da KeyboardNavigation.TabNavigation, da Validation.HasError na wasu hidimomi ne da ke gefe. Taka LambaKawai tana cikin kashi na uku, wanda ake amfani da aikin kiran a ƙara wa abu wata ɗabi'a da ba a haife shi da ita ba.

Yadda za ka gyara naka

Mai da kilas ɗin static kamar da, ka rubuta shi haka, da using System.Linq a sama:

```csharp
public static class Taimako
{
    public static readonly DependencyProperty LambaKawaiProperty =
        DependencyProperty.RegisterAttached(
            "LambaKawai", typeof(bool), typeof(Taimako),
            new PropertyMetadata(false, AnCanja));

    public static bool GetLambaKawai(DependencyObject d)
        => (bool)d.GetValue(LambaKawaiProperty);

    public static void SetLambaKawai(DependencyObject d, bool k)
        => d.SetValue(LambaKawaiProperty, k);

    static void AnCanja(DependencyObject d, DependencyPropertyChangedEventArgs e)
    {
        var t = d as TextBox;
        if (t == null) return;
        t.PreviewTextInput -= Tace;
        if ((bool)e.NewValue) t.PreviewTextInput += Tace;
    }

    static void Tace(object s, TextCompositionEventArgs e)
        => e.Handled = !e.Text.All(c => c >= '0' && c <= '9');
}
```

Kowane layi a nan yana da dalilinsa. Ƙimar asali false ce, kuma dole ta zama akasin abin da za ka rubuta a XAML. Ana kiran AnCanja ne kawai idan ƙima ta canja da gaske. Idan asali true ce kai ma ka rubuta True, babu canji, babu kira, sai ka sake komawa cikin shirun da ka fito. Binciken da ake yi ko d TextBox ne ya zama dole saboda babu abin da zai hana wani ya maƙala siffar a kan Button ta hanyar Style ko SetValue. Cirewa kafin ƙarawa kuma yana hana a rataya Tace sau biyu.

Kada ka saka komai cikin SetLambaKawai ban da SetValue. XAML da Binding da Style duk suna tsallake shi su kira SetValue kai tsaye, don haka duk wata dabara da ka ɓoye a can sai daga kod ɗin C# kaɗai za ta yi aiki. Wannan doka ɗaya ce da ta get da set na siffar gida.

Za ka lura ban yi amfani da char.IsDigit ba. Shi yana amincewa da lambobin Larabci irin su ٣ da ٧, amma int.Parse ba ya karɓarsu. A kwamfutar da ake sauya madannai zuwa Larabci ko don rubutun ajami, hakan zai bar lambar ta shiga akwati sannan ta fashe a wajen lissafi.

Abin da na rubuta bai rufe duk ƙofofi ba. PreviewTextInput ba ya tashi idan aka danna maɓallin tazara a TextBox, sai ka tare Key.Space a PreviewKeyDown. Liƙa rubutu da Ctrl+V shi ma ta wata hanya yake bi, sai ka rataya mai tacewa da DataObject.AddPastingHandler, ka kira CancelCommand idan abin da aka kwaso ba lamba ba ne. Idan farashinku yana ɗaukar kwabo, tace harafi ɗaya-ɗaya ba zai isa ba, sai ka haɗa abin da ke cikin akwatin da sabon harafin ka gwada su da decimal.TryParse. Kuma duk wannan kwalliyar hannu ce kawai don sauƙaƙa wa mai sayarwa. Binciken gaskiya, kamar hana yawan kwali ya zama sifili, wurinsa ViewModel, wato kilas ɗin da ke riƙe bayanan taga da dokokinsu.

Ba sai ka bi akwatuna 40 ɗaya bayan ɗaya ba. Yi Style guda mai suna, ka saka Setter mai Property="local:Taimako.LambaKawai" da Value="True", ka ba akwatunan da suka dace. Aikin kiran yana tashi ko daga ina ƙimar ta zo.

Ko kuwa a gaji TextBox?

Ita ce ɗaya hanyar, kuma halal ce: ka yi kilas AkwatinLamba da ya gaji TextBox, ka yi masa siffofi da Register. Nan Register yake a gidansa. Ina zaɓar wannan idan abin ya fara tara siffofi masu magana da juna, misali mafi ƙaranci da mafi yawa da adadin lambobin bayan ɗigo, ko yana buƙatar nasa ControlTemplate, ko sai an shiga ayyukansa na protected. Sai dai yana da kuɗinsa. Za ka canja sunan akwatunan nan duka a XAML. Style ɗin da aka rubuta wa TextBox ba tare da x:Key ba ba zai hau kan AkwatinLamba ba, domin da ainihin nau'in abu ake nemansa, sai ka yi masa nasa da BasedOn. Sannan C# uba ɗaya yake yarda da shi. Ranar da kake son akwati mai lamba kawai wanda kuma yake zaɓe duk rubutunsa idan an shiga, maƙalallun siffofi biyu za su zauna tare lafiya, gado kuwa sai ka ƙirƙiri kilas na uku. A halin da ka bayyana, ɗabi'a guda ƙarama a kan akwatuna da yawa, maƙalalliya ta fi.

Gadon ƙima daga uwa

Nan ne wurin da ko siffar taka ce ta kanka, za ka iya buƙatar RegisterAttached. Ka sa FontSize a kan Window, sai rubutun da ke can ƙasa ya canja, alhali Grid da Border da ke tsakani ba su da FontSize. Sirrin shi ne TextElement ne ya yi rajistar FontSize a matsayin maƙalalliya mai tutar Inherits, sai Control da TextBlock suka karɓe ta da AddOwner suka yi mata get da set. Siffa ɗaya ce mai fuska biyu, shi ya sa kana iya rubuta TextElement.FontSize="16" a kan Grid. FlowDirection ma maƙalalliya ce mai gado, don haka RightToLeft ɗaya a saman taga yake juya duk abin da ke ciki saboda ajami.

Idan ka yi Register da Inherits, tutar tana kan kilas ɗinka ne kaɗai, abubuwan da ke tsakani ba su san da ita ba. Takardun Microsoft da kansu sun ce a yi amfani da RegisterAttached duk inda ake son gado. DataContext da Register aka yi ta, amma ta tsira ne saboda mai ita FrameworkElement ne, kusan kowa kuma daga gare shi ya fito. Ka kuma tuna gado yana ƙasa da salon asali na kwantirol, shi ya sa Menu da StatusBar ba sa bin girman rubutun da ka sa wa taga.

Ƙananan tarkuna

A cikin hanyar Binding, maƙalalliyar siffa sai da baka biyu. Ana rubuta Path=(Grid.Row), ko Path=(Validation.Errors)[0].ErrorContent. Idan ka cire bakan, injin zai ɗauka kana nufin wata siffa mai suna Grid sannan Row a cikinta, ya rubuta kuskure a tagar Output ya yi shiru. Haka Storyboard.TargetProperty="(Canvas.Left)". A Setter kuwa ba a saka baka. Game da Canvas.Left, ƙimarta ta asali NaN ce ba sifili ba, don haka DoubleAnimation da ba a ba shi From ba zai faɗi idan ba ka taɓa saka mata lamba ba.

Nau'in ƙimar asali dole ya dace daidai. Siffar double da aka ba 0 maimakon 0.0 za ta faɗi tun wajen rajista, da TypeInitializationException irin wanda ka gani.

Idan ƙimar jeri ce, kamar List ko ObservableCollection, kada ka saka new a ƙimar asali, domin guda ɗaya tak za a ƙirƙira kowa ya riƙa zuba nasa a ciki. A siffar gida maganin mai sauƙi ne, ka ƙirƙiri sabo a constructor. Maƙalalliya ba ta da constructor, sai a ƙirƙira a cikin GetSuna idan an tarar babu. To amma mun ce XAML tana tsallake shi. Dabarar da ake yi ita ce a yi rajistar da wani suna daban da na ayyukan Get da Set, sai XAML ta kasa samun siffar da suna, dole ta bi ta GetSuna. Haka aka yi wa Interaction.Behaviors na Microsoft.Xaml.Behaviors.Wpf, sunan rajistarsa ShadowBehaviors.

Idan ɗabi'arka tana buƙatar tuna wani abu game da kowane akwati, kada ka buɗe Dictionary na static ka sa akwatin ya zama makulli. Zai riƙe akwatin da tagarsa duka a memori bayan an rufe ta, kuma a manhajar shago da ake buɗe tagar sayarwa ana rufewa tun safe har dare, za ka ga tana ƙara nauyi. Yi wata maƙalalliyar siffa ta private ka ajiye abin a jikin akwatin, su tafi tare. DependencyPropertyDescriptor.AddValueChanged shi ma yana riƙe abu haka idan ba a kira RemoveValueChanged ba. Kuma idan aikin kiranka zai canja Text da kansa, yi amfani da SetCurrentValue, wanda ya zo da .NET Framework 4, domin SetValue yana iya share Binding mai tafiya hanya ɗaya.

Iyakar wannan bayani

Duk abin da na faɗa a kan WPF ne, ko ta .NET Framework ko wadda ta koma .NET Core 3.0 a 2019 zuwa sama. UWP da WinUI suna da Register da RegisterAttached, amma PropertyMetadata kawai gare su, babu FrameworkPropertyMetadata, babu OverrideMetadata ko AddOwner, kuma ba za ka yi taka siffar mai gado ba. A .NET MAUI sunayen su ne BindableProperty.Create da CreateAttached, Avalonia kuma tana da StyledProperty da AttachedProperty. Tunanin waye mai ma'ana yana tafiya da kai duk inda ka je, amma bayanin da na yi na yadda ake raba metadata kada ka ɗauke shi zuwa can ba tare da ka duba ba.

Kuma bisa abin da ka bayyana na yi magana, ba kod ɗinka ne a gabana ba. Idan ka koma RegisterAttached har yanzu AnCanja bai motsa ba, duba abu uku a jere: sunan da ke cikin rajista ya zama LambaKawai daidai harafi da harafi ba tare da Property a ƙarshe ba, typeof na biyu, na mai siffar, ya zama Taimako ba TextBox ba, sannan ƙimar asali ta zama false. Idan duk sun yi daidai, kira DependencyPropertyHelper.GetValueSource a kan akwatin da siffar. Zai gaya maka ko ƙimar daga Style ta zo, ko kai tsaye aka saka ta, ko kuwa har yanzu ta asali ce, wanda ke nufin Style ɗin bai hau kan akwatin ba tun farko.